Kwastomomin da suka cire kansu daga imel ɗina: in share su ko in mayar da su?

Mai Turaren Wuta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da turaren wuta da humra a Kano, kuma da Mailchimp, manhajar tura imel ga mutane da yawa, nake tura wa kwastomomi sanarwar sabbin kaya. Kuɗin wata ya ƙaru, da na duba sai na tarar da yawa sun cire kansu, wasu kuma an nuna adireshinsu ba ya karɓar saƙo. Ƙanena ya ce in share su duka in sake loda su, su dawo kamar sababbi. Raina bai kwanta ba, amma cikinsu akwai tsofaffin kwastomomin da nake jin zafin rabuwa da su. Don Allah a ba ni shawara.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bi maganar ƙanenki. Mailchimp na lissafa wanda ya cire kansa cikin adadin da ake biya, shi ya sa kuɗin ya hau. Maganin shi ne ki zaɓe su ki danna Archive. Za su fita daga lissafin kuɗi, tarihinsu kuma yana nan a ajiye. In kika share mutum har abada, ba za ki iya sake loda shi ba, sai dai shi ya cika fom da hannunsa. Adireshin da aka sa wa Cleaned kuwa saƙo ne yake dawowa, ko an rufe adireshin ko an yi kuskure wajen rubuta shi. Waɗannan ba a cajin ki a kansu, ki bar su.

Anti Mai Lissafi: Ƙanwata, ni abin da ya fi damuna shi ne mayar da su. Mutum ya ce a daina turo masa, haƙƙinsa ne. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba shi damar ƙin karɓar talla. Sannan wanda aka matsa wa, ƙararki zai kai cewa saƙonki shara ne. Tun Fabrairun 2024 Gmail ke son irin wannan ƙorafi ya tsaya ƙasa da kashi 0.3 cikin ɗari. Ki wuce haka, har masu son turarenki za su iya daina ganin saƙonki.

Mai Turaren Wuta: Na gode Anti. To tsofaffin kwastomomin fa?

Anti Mai Lissafi: In sun zo shago ko sun yi miki magana a WhatsApp, ki tambaye su. Wadda ta ce tana so, ki tura mata fom ta sake rajista da kanta.

Ɗan Kwari: Masu kuskuren rubutu ma ki duba su ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa harafi ɗaya ne ya faɗi a gmail.com. Ki kira mai shi ya tabbatar miki, sannan ki shigar da na daidai.