Wane kifi ne sardin na gaskiya?

Malam Sani: Ni a wurina sardin ɗaya ne tak, Sardina pilchardus, wanda masanin halittu Walbaum ya siffanta a 1792, irin wanda Maroko ke zubawa a gwangwani. Sauran duk aron suna suka yi.

Hajiya Binta: Malam Sani, ai an yi wannan shari'a an gama. Tarayyar Turai ta kafa doka a 1989 cewa shi kaɗai za a sayar a gwangwani da sunan sardin. Peru ta kai ƙara Ƙungiyar Ciniki ta Duniya saboda nata kifin, Sardinops sagax, ta kuma yi nasara a 2002. Ma'aunin Codex, wato kundin ƙa'idojin abinci na duniya, ya yarda da nau'i fiye da ashirin, muddin an haɗa da sunan ƙasa, yanki ko nau'in.

Malam Sani: Hukuncin ciniki ne wannan, Hajiya. Kotu ba ta canja halittar kifi.

Dakta Lawal: To Malam, masana ma ba su taɓa ware wani nau'i da sunan sardin ba, sunan kasuwa ne. Rarrabewa a jikin kifin ake yi. Shafa murfin kunnensa da yatsa: Sardina da Sardinops suna da zane-zanen ƙashi da suka bazu ƙasa, na Sardinella, wani jinsin da shi ma ake kira sardin, kuwa sumul yake. Ɗaga murfin, a Sardinella za ka ga tsokoki biyu ƙanana a gefen baya na kafar kunnen.

Hajiya Binta: Dakta, na gabar Ghana fa, da masunta ke haɗa su a kwando ɗaya?

Dakta Lawal: Sardinella ne nau'i biyu, aurita da maderensis. Ƙirga ƙasusuwan fiffiken ciki: aurita tara, maderensis takwas. Ƙashin farko siriri ne ya manne da na biyu, shi ya sa ɗalibai ke tsallake shi su mai da aurita maderensis. A ware shi da allura ƙarƙashin gilashin ƙara girma. Kada a dogara da launi, yana dusashewa bayan kifin ya mutu.

Injiniya Musa: Idan an cire kai an dafa a gwangwani fa?

Dakta Lawal: Sai gwajin DNA. Wanda zai tara samfur ɗanye ya yanki ɗan fiffike ya jefa a barasar gwaji mai ƙarfin kashi 95 kafin ya sa jikin a fomalin, sinadarin adana samfur, don fomalin yana lalata DNA.

Malam Sani: Duk da haka ina nan kan bakata. A buga sunan Latin a jikin gwangwani, mai saye ya san abin da ya biya.