Tsire-tsire biyar sun fito min a lambu bayan na zuba takin dabbobi: wanne zan cire, wanne zan bari?

Maman Ummi:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da ɗan lambu a bayan gida a Funtuwa. Farkon damina na baza buhu huɗu na takin awaki da shanu da aka kawo daga kara, wato kasuwar dabbobi, na shuka alayyafo da kuɓewa da gauta, da layi biyu na masara a jikin katanga. Yau sati shida, abin da ban shuka ba ya fi wanda na shuka yawa. Guda biyar ne ban gane ba.

Na farko kamar tafasa, amma bakin ganyensa da tsini, kuma yana da wari. Na biyu mai faɗin ganye ne kamar gauta, ya fi gautar tawa saurin girma, karansa da ɗan duhu-duhu. Na uku ciyawa ce mai sheƙi, in an nome ta kwana uku ta dawo. Na huɗu yana yaɗo a ƙasa, karansa da ruwa, yana fure shuɗi da safe. Na biyar ɗan ƙarami ne mai ƙananan ganye da 'yar ƙaya. Yara na wasa a wurin, kuma akwai kaji. Wanne ake ci, wanne ke da haɗari?

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam Maman Ummi. Kafin komai, ki hana yara zuwa kusa da na biyun nan har sai an tabbatar da shi. Siffar da kika ba da ta fi kama da zaƙami, wanda wasu ke ce wa haukata-yaro, kuma yana son wurin da aka zuba taki ko juji.

Ga yadda za ki raba shi da gauta. Ki sa leda a hannu ki murza ganye ɗaya: na zaƙami yana da wari mai hawa kai, na gauta ba shi da shi. Ki dubi gindin ganyen, inda ya haɗu da tsinkensa. A zaƙami ɓari ɗaya yakan fi ɗaya saukowa, kamar an yanka shi a karkace. Sannan karan zaƙami yakan rabu biyu kamar gwafa, kowane reshe ya sake rabuwa biyu, a tsakiyar rabuwar nan ne fure ke fitowa guda ɗaya. A sati shida zuwa takwas ya kamata ki fara ganin kan furen, dogo, a tsaye kamar yatsa. In ya buɗe sai ya zama kamar kakaki, fari ko mai ruwan shuni, tsawonsa yakan kai santimita 15, da yamma yake buɗewa. Furen gauta kuwa ɗan ƙarami ne kamar tauraro, da rawaya a tsakiya. 'Ya'yan zaƙami dunƙule ne mai ƙaya, girman lemon tsami, cike da iri. Duk jikinsa guba ne, amma irin ya fi. Alamar an ci: baki ya bushe, ƙwayar ido ta buɗe, jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, yaro ya kama sambatu yana kama abin da babu. In aka ga haka asibiti ake nufa kai tsaye, a tafi da reshen tsiron don likita ya gani. Kada a tsaya ba shi madara ko manja ana jira ya sauka. Wajen cirewa a tumɓuke shi da saiwa, kada a sosa ido kafin a wanke hannu da sabulu.

Na farko kuma ina zaton rai-ɗore ne, wasu na ce masa majamfari. Ɗan'uwan tafasa ne, furensu duka rawaya. Ki ƙirga 'yan ganyen da ke jikin tsinke ɗaya. Tafasa shida take yi, uku ta nan uku ta can, ba ta ƙarawa, kuma kowanne ya fi faɗi ta wajen baki, bakin a zagaye. Rai-ɗore yakan yi takwas zuwa goma, masu tsini kamar mashi. Warin da kika ji ma ya nuna shi ne.

Hajiya Mai Kwaɗo:

Malam, Allah ya ƙara sani, amma a kan wari ina da gyara. Ɗanyar tafasa ma tana da nata warin, shi ya sa ake dafa ta a zubar da ruwan, a matse, kafin a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. Wanda bai saba ba, in ya dogara da hanci sai ya rikice. Ƙirgan ganye da siffar bakinsa su ne abin riƙewa. Akwai kuma wata alama da ba ta ƙarya: ɗan ƙullutu kamar kan allura. A rai-ɗore yana can gindin tsinke, dab da kara, baƙi-baƙi. A tafasa yana tsakanin 'yan ganye biyu na ƙasa. In sun yi 'ya'ya an huta, na tafasa siriri ne dogo mai lanƙwasa kamar lauje, na rai-ɗore a shimfiɗe yake, ya fi gajarta da faɗi.

Maman Ummi, tunda kina da kaji, kada ki bar rai-ɗore ya kai ga zubar da iri. Irinsa yana lalata tsoka da hanta a jikin dabba in ta ci da yawa, yara ma kan ɓare kwanson su tauna. Cewa masu magani na amfani da ganyensa bai mai da shi ganyen miya ba.

Kuma kafin ki sa fartanya ki duba da kyau, taki ba sharri kaɗai yake kawowa ba. Lalo yakan fito da kansa: ganyensa na da baki kamar zarto, a gindin ganyen akwai 'yan gashi biyu da suka juya baya kamar gashin bakin kyanwa. Gasaya kuma ganye biyar take yi a tsinke ɗaya kamar yatsun hannu, karanta na ɗan manne wa hannu. Waɗannan a bar su a gefen fangali, miya ce da kwaɗo kyauta. Alayyafon da ya fito da ƙaya biyu a gindin kowane ganye kuwa ba irin naki ba ne, na daji ne, ki cire shi tun bai yi kai ba.

Baba Mai Lambu:

'Yata, na uku shi ne zai fi ba ki wahala. Ki tsinko karan ki mirgina shi tsakanin yatsu biyu. In kin ji kusurwa uku, ba ciyawa ba ce irin harkiya mai zagayayyen kara, aya-aya ce, wasu su ce jiji. Ki tona da wuƙa tsawon tafin hannu, za ki tarar da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, cikinsu fari, suna da ƙamshi, a baki ɗaci. Wata siririyar jijiya mai tauri kamar waya ce ta haɗa su, wannan na riƙe da wancan kamar carbi. Ayar da ake ci kuwa ƙwaya ɗaya take yi a ƙarshen kowace jijiya, ba ta jeruwa.

Dalilin da ya sa take dawowa: fartanya kai kawai take sarewa, abincin yana cikin ƙwayar. Abin da ya fi muni, muddin carbin nan yana haɗe, ƙwaya ɗaya ko biyu ne ke tsirowa, sauran suna kwance. Da an tsinka shi da noma sai kowace ta farka ta fitar da nata kai. Mai gaggawa sai ya nome goma ya tarar da talatin.

A cikin damina abu biyu za ki yi. Ki riƙa cire ta duk kwana 10 zuwa 14, tun ganyenta bai kai shida ba, domin kafin nan tana cin ajiyarta ne, ba ta fara tara sabuwar ƙwaya ba. In aka jure haka damina guda ƙwayoyin sukan rame. Na biyu, ba ta son inuwa ko kaɗan. Inda ta fi yawa ki sa dankalin Hausa, ko kabewa, ko wake mai yaɗo su rufe ƙasar. Shimfiɗa baƙar leda ba ya hana ta, tsininta huda ledar yake yi.

Babban aikin sai rani. A watan Maris ko Afrilu ki daina ban ruwa a wurin, a kafce ƙasa zurfin santimita 20, tunda yawancin ƙwayoyin ba sa wuce nan, a bar ta a rana sati biyu, a sake juyawa, a tsince abin da ya fito a ƙone. Ƙwayar da ta bushe ƙayau ta mutu. Wadda ta rage cikin dunƙulen ƙasa mai laima tana nan da ranta, saboda haka a farfasa dunƙulen.

Na huɗu balasa ce. Furen yana da kunnuwa biyu shuɗɗa manya da ɗan ƙarami na uku a ƙasa, kafin azahar ya yanƙwane. Kowace gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa, don haka in kika sare ta kika bar ta a kwarin kunya, dasa ta kika yi. Tana kuma yin wasu fararen furanni a ƙarƙashin ƙasa da ke ba da iri ba tare da kin gani ba. A ciro ta da hannu bayan ruwan sama lokacin da ƙasa ke da taushi, a kwashe a kwando a fitar. Awaki da zomaye na cin ta. Feshin maganin ciyawa bai cika kama ta ba, kuma a lambun da bai fi ɗaki biyu ba, iska kaɗan za ta kai shi kan alayyafonki.

Maman Ummi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba: karan na biyu ya rabu biyu kuma ga dogon abu a tsakiya, na sa an tumɓuke guda bakwai. Na farko 'yan ganye goma ne. Saura na biyar. Sannan na ɗauki hotonsa da waya, manhajar gane tsirrai ta ba ni suna uku daban-daban. Kuma sauran buhu ɗaya na takin fa, in zubar?

Ɗan Maraɗi:

Maman Ummi, na biyar ɗin ɗan itace ne, ba haki ba. Awaki na cin 'ya'yan gawo da na bagaruwa, ƙwayar tana da tauri, sai ta bi ta cikin dabba ta fito da ɓawonta ya yi laushi, ta tsira cikin taki. Suna ƙanana da wuya a raba su. Ɗan gawo reshensa fari-fari ne, yana tafiya a karkace daga gaɓa zuwa gaɓa, ganyen da ɗan toka-toka, ƙayarsa gajera. Bagaruwa ta fi duhun kara, ƙayarta in ta girma doguwa ce fara. Ko wanne ne, bayan gida dab da katanga ba wurinsa ba ne. In kuna da gona, gawo ya cancanci a kai shi can, don yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa hatsi inuwa, ƙasar gindinsa kuma ta fi ƙarfi. Sai dai a yi da wuri. Saiwarsa ta tsakiya tana nutsawa da sauri fiye da yadda kansa ke tashi, in ta tsinke da wuya ya kama. A haƙo shi da ƙasarsa da zurfi, a sa a doguwar leda.

Ki kuma riƙa duba gindin masarar nan daga yanzu. In dabbobin sun yi kiwo a gonar da ke da ƙuduji, wato wuta-wuta, irinsa kan biyo taki, ga shi ƙanana kamar ƙura. Siririn tsiro ne mai kaushin ganye, yana fitowa dab da gindin masara ko dawa, daga baya ya yi fure ja-ja mai kyan gani. Tun yana ƙarƙashin ƙasa yake manne wa saiwa yana tsotsa. A cire shi kafin furen ya bushe, domin guda ɗaya na zubar da iri dubbai, kuma irin na iya kwana a ƙasa fiye da shekara 10.

Malamin Gona:

Kan manhaja: Google Lens da PlantNet suna taimakawa, amma hoton ganye ɗaya na ƙaramin tsiro ba ya isar su, musamman dangin bagaruwa da ganyensu duk iri ɗaya ne. A ɗauki hoto biyar: tsiron gaba ɗaya da kwalin ashana a gefe don a ga girma, saman ganye, bayan ganye, inda ganye ya haɗu da kara, sai fure ko 'ya'ya in akwai. Sunan da ta bayar a ɗauke shi a matsayin zato, a gwada da abin da ido ya gani. Kada a ci wani ganye don waya ta ce ana ci. Sunan Hausa ma yakan canza daga gari zuwa gari, wani lokaci suna ɗaya tsiro biyu, shi ya sa siffa ta fi suna.

Abin da ya gagara, a bar guda ɗaya a kafa masa tsinke har ya yi fure, a cire sauran. Ko a ciro shi da saiwa, a shimfiɗa tsakanin tsofaffin jaridu, a danne da bulo, a riƙa canza takardar kullum har ya bushe, a rubuta ranar da wurin da launin furen, tunda launi kan gushe. Daga Funtuwa, Samaru ba nisa, a can Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello take, ko a nuna wa malamin gona na ƙaramar hukuma. A karya kara kuma a duba ruwansa: duk mai fitar da farin ruwa kamar madara, irin tumfafiya da nonon kurciya, a kiyaye ido da shi.

Takin kada ki zubar, ruɓar da shi za ki yi. A tara shi da busasshen ganye da ɓawon gyaɗa ko yankakken kara, hawa-hawa, tsibin ya kai kamar mita ɗaya a tsawo da faɗi da tudu. In bai kai haka ba ba ya riƙe zafi, don haka buhu ɗaya sai an ƙara masa. A yayyafa ruwa har in an damƙa a ji laima amma ba ya ɗiga, a rufe da buhu. Zafin da ke kashe yawancin irin ciyawa digiri 55 zuwa 60 ne. In babu ma'auni a soka rodi a tsakiya minti goma, in an zaro shi ya yi wuyar riƙewa, ya yi. A juya duk sati, na gefe ya koma ciki, domin na gefen ba ya samun zafi, nan ne iri ke tsira. Wata biyu zuwa uku ya nuna. Ƙwayar aya-aya, da balasa, da 'ya'yan zaƙami, da ƙuduji mai fure ba sa shiga tsibin, wuta ce tasu.

Masu taurin ɓawo irin tafasa da gawo wasu za su tsallake duk da haka. Saboda su, in kin baza takin ki yi ban ruwa, ki jira kwana 10 zuwa 14 su fito, ki kankare su da fartanya sama-sama, zurfin bai wuce gaɓar yatsa ba don kada ki tono wani irin daga ƙasa, sannan ki shuka a layi. Abin da ya fito a wajen layi kin san ba naki ba ne.