Kano zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Zan raka Inna Umara, kuma wannan ne hawanta jirgi na farko. Tana fama da ciwon gwiwa, ko Zariya za mu je a mota sai an tsaya ta miƙe ƙafa. Maƙwabcinmu ya ce awa huɗu da rabi ne daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Jidda, amma da na lissafa lokacin tashi da na sauka a tikitin da ejan ya turo, sai na ga kusan awa bakwai. Wanne zan ɗauka? Wai ma kilomita nawa ne tsakani?

Mai Taswira:
Wa alaikumus salam. Malam, agogo ne ya rikita ka. Saudiyya tana gabanmu da awa biyu, shi kuwa tikiti kowane gari da agogonsa ake rubuta shi. Cire biyu daga bakwai ɗin nan, saura biyar, ka ga maƙwabcinka bai yi nisa da gaskiya ba. Duba na dawowa, za ka ga kamar awa uku kacal, alhali hanyar ɗaya ce.

Nisan kuwa, in an miƙe sak, kusan kilomita 3,400 ne zuwa filin Sarki Abdul'aziz na Jidda. In Madina za ku sauka, ƙara kamar 150.

Baban Hajara:
Yaro, lissafin nan daidai ne, amma a takarda. Miƙaƙƙiyar hanyar ta saman Chadi take bi, ta ratsa Sudan, sannan ta tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarsu, sai jirage suka koma zagaye. A shekarar na yi aikin Hajji, mun zaunu har ƙafafuna suka kumbura, takalmi ya ƙi shiga.

Sannan ka tambayi ejan ɗin nan da kyau, kai tsaye ne ko da ya da zango? Masu bi ta Addis Ababa sai sun ci wajen kilomita 4,700, ban da zaman jiran jirgi na biyu. Arhar tikiti ce ke jan mutane, amma da tsohuwa mai gwiwa ni ban ba ka shawara ba.

Uwar Biyu:
Yaya, ni ba zaman jirgin nake jiye mata ba, layin filin jirgi ne. Ka sa a rubuta mata keken guragu tun yanzu, kada ka bari sai ranar. Ka nema mata kujerar bakin hanya ta riƙa tashi tana ɗan takawa, maganinta kuma ya zauna a jakar hannu. Kai ma ka ɗaura haraminka tun daga Kano, banɗakin jirgi ba wurin canza kaya ba ne.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na kira shi, kai tsaye ne. Na dawowar ma na duba, yadda Mai Taswira ya faɗa haka yake. Matsala ɗaya ta rage: na yi wa Inna maganar kujerar bakin hanya, ta ce ita sai bakin taga, don tana son ganin tekun da Fir'auna ya nutse.