Autarmu za ta shiga jami'a: wane kaya kuka tafi da shi, wanne ya yi muku rana?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Autar gidanmu ta samu gurbi a jami'a, kuma ni Mama ta ɗora wa haɗa mata akwati. Ta turo mini hotuna daga Instagram: abaya mai duwatsu, ƙaramar jaka da ko littafi ɗaya ba za ta ci ba, takalmi mai tsini. Ba na son in kashe mata gwiwa, amma kuɗin hannuna ƙidayayye ne, ni kuma daga gida na yi nawa karatun, ban san zaman ɗakin ɗalibai ba. Don Allah waɗanda suka zauna ku faɗa mini abin da kuka gani da idonku.

'Yar aji uku, Kano

Wa alaikumus salam Yaya. Ni a Jami'ar Bayero (BUK) nake, kuma a shekarar farko kusan kullum ina cikin mota tsakanin tsohuwar jami'a da sabuwa da ke hanyar Gwarzo. Abaya biyu masu duwatsu na zo da su. Kafin zangon farko ya ƙare, in na gama wanki sai in ga duwatsun zube a gindin bokiti, inda suka fita kuma ya bar tabon gam. Wadda ta riƙe ni har yau baƙa ce wuluk mara ado, yadinta na saya a Kantin Kwari na kai wa tela. Mayafi kawai nake canzawa, yau toka-toka, gobe ruwan ƙasa, babu wanda ya taɓa lura cewa riga ɗaya ce. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 abayar Dubai da ta Misra suka fi ƙarfin yawancinmu, ɗinkin gida ya dawo da daraja. Ki saya mata mayafai da yawa, riguna kaɗan masu ƙwari.

Tsohon ɗalibi, Samaru

Anti, in Zariya ce kada a manta da rigar sanyi da safa. Lakcar ƙarfe takwas a watan Janairu, hunturu na kaɗawa, gayu ba ya hana haƙora karkarwa. Mu maza namu da sauƙi: yadi uku, shadda ɗaya ta Juma'a, hula zanna biyu da ake kai wa mai wankin hula bi da bi. Amma mu ma akwai gasa, a agogo da takalmi da turare take ɓuya.

Ɗalibar shari'a

Yaya, wane sashe aka ba ta? Ki fara sanin wannan kafin ki je kasuwa. Mu 'yan shari'a fari da baƙi muke sawa, atamfofin da aka ɗinka mini sai ƙarshen mako suke fitowa. 'Yan likitanci da kimiyya kuma farar rigar ɗakin gwaji da takalmi rufaffe suke buƙata. Sannan ki nemi takardar dokar sutura ta makarantar ku karanta tare. Na ga wata sabuwar ɗaliba da aka tsayar a bakin ƙofa saboda rigarta ta kama ta, ranar gwaji ce kuma, tana tsaye tana kuka har wata ta zaro hijabi daga jaka ta ara mata.

Wadda ta gama bara

Ni abin da zan faɗa ba na akwati ba ne, na abin da ke zuwa bayan an buɗe akwatin ne. Anko. Ba wanda ya gaya mini yawansa. Ranar al'adu anko, liyafar sashe anko, bikin yayar ƙawa anko, ga ƙungiyar ɗaliban jiha ita ma ta fitar da nata. Kowanne kuma bayan kuɗin atamfa ko leshi akwai na ɗinki, da mayafin da zai shiga da shi, da lalle, wani lokacin har da mai ɗaurin kai.

A aji biyu na shiga cikin wasu ƙawaye huɗu waɗanda gidajensu sun fi namu hali. Ba su taɓa raina ni da baki ba, ni ce na kasa cewa ba ni da shi. Kuɗin abincin wata guda na zuba a leshi ɗaya. Sati uku ina jiƙa garin kwaki da sikari, in an tambaye ni in ce ba na jin yunwa. Mahaifina ɗan fansho ne, na san yadda yake haɗa abin da yake turo mini, wannan ya fi yunwar ciwo. Leshin sau ɗaya na sa shi, har yanzu yana ƙasan akwati da ƙamshin turaren ranar.

Abokiyar ɗakina ce ta gane. Ba ta ce mini komai ba, sai ta fara dafa taliya da yawa tana cewa ta yi mata yawa. Daga baya mu huɗu na ɗakin muka tsara: mayafi, jaka da sarƙa na kowa ne, a ara a mayar a wanke, anko kuma ɗaya a zango, sauran mu je da abin da muke da shi. Yaya, ki zaunar da ita ki gaya mata cewa faɗin "wannan karon ban samu dama ba" ba abin kunya ba ne. Kuma ki bar mata ƙofa a buɗe ta kira ki in ta matsu, don masu jiran yarinya ta matsu suna nan da yawa a bakin ɗakunan mata da yamma.

'Yar Maiduguri

Gaskiya 'yar uwa ta sama ta taɓa ni, Allah ya saka wa abokiyar ɗakin nan. Nawa ƙarin kaɗan ne: a wajenmu lafaya ce rufin asiri, ki naɗa ta a kan kowace doguwar riga kin fito tsaf, ga sanyi a lokacin zafi. Da 'yar kwalbar humra ɗaya zango ya wuce. In garin zafi za ta, kamar Sakkwato a watan Afrilu, a guji yadi mai roba.

Ɗaliba mai keken ɗinki

Ni na koyi ɗinki ne a yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022, wata takwas muna gida daga Fabrairu zuwa Oktoba. Yanzu da shi nake biyan rabin hidimata. Abin da ake yawan kawo mini bubu ne da doguwar rigar atamfa mai faɗin hannu, sai gyaran kayan gwanjo na Ƙofar Wambai, a rage tsayi ko a ƙara hannu. Salo ba ya wuce zango biyu ya canza. Kada ki ɗinke mata duka atamfofin yanzu. Ki bar turmi biyu a naɗe, ta je ta ga abin da ake yayi, ta ɗinka da hutu. Takalmi kuma mara tudu, jaka wadda za ta ci littafi da gorar ruwa.

Mai tambaya

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Kimiyyar harhaɗa magunguna aka ba ta, don haka farar riga da takalmi rufaffe sun shiga gaba. Na nuna mata amsoshinku jiya da daddare, ta daɗe a kan labarin leshin nan ba ta ce komai ba, sannan da kanta ta goge hoton takalmin mai tsini. Abaya mai duwatsu ɗaya dai ta roƙa a bar mata saboda Juma'a, na amince. Ranar Asabar za mu shiga Kwari da sassafe, turmi biyu kuma za su zauna a ɗakin Mama har ta dawo hutun farko.