gcloud ya hana ni buɗe sabon aiki (project) a Google Cloud, a taimaka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun jiya da la'asar nake fama da abu ɗaya a gcloud, manhajar da ake rubuta wa umarni don sarrafa Google Cloud. Duk lokacin da na rubuta gcloud projects create, umarnin buɗe sabon aiki, tare da lambar ƙungiyarmu a Google Cloud, sai ya amsa mini da PERMISSION_DENIED, wai ba ni da izinin resourcemanager.projects.create. Abin da ya ɗaure mini kai, ni ne Owner, wato mai babban iko, a tsohon aikinmu.

Na sake shiga asusuna da gcloud auth login har sau uku. Na duba gcloud auth list, tauraron da ke nuna asusun da nake amfani da shi yana kan imel ɗin ofis, ba nawa na gida ba.

Shin dole sai mai kula da ƙungiyar ya ba ni roles/resourcemanager.projectCreator, wato ikon buɗe sabon aiki, daga sama, ko akwai inda na yi kuskure? Ya yi tafiya, sai Litinin zai dawo.