Na ba da kafin alƙalamin kwikwiyo, an haihu ban samu ba. Kuɗina sun tafi ke nan?

Mai Kaji, Rijiyar Zaki:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ɗan gidan gona na kaji a hanyar Madobi. Sau biyu ɓarayi suna haura min katanga, a na ƙarshe har janareto suka ɗauke. Baba maigadi da kansa ya ce a samo masa kare. Aka haɗa ni da wani mai kiwo a wajen Sabon Gari, yana da karya irin ta 'yan sanda, wadda ake kira Jaman Shefad. Na je na gan ta da idona, ciki ya fito, tana kwance a kan simintin da aka yayyafa wa ruwa saboda zafi. Muka yi cinikin kwikwiyo ɗaya dubu 250, na tura masa dubu 50 kafin alƙalami, ya buɗe wani littafi mai jan bango ya rubuta ni na huɗu a layin masu son namiji.

Ta haifi bakwai, mata huɗu, maza uku. Yanzu ya ce ko in ɗauki mace, ko in jira wata haihuwar, amma kuɗi ba sa dawowa. Wallahi ba mu yi wannan maganar ba ranar da na biya, kuma ba ni da wata shaida sai alat ɗin banki. Haka tsarin yake a wajensu?

Mai Kiwo, Hotoro:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni ma sana'ata ke nan, bari in gaya maka dalilin karɓar kuɗin. Karya tana ɗaukar ciki kamar kwana 63, kuma ba a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya yi sati takwas. Duk wannan lokacin abinci, maganin tsutsa da allura daga aljihunmu suke fita. Sai mutum ya ce "ajiye min", ka kori masu saye uku saboda shi, ranar ɗauka ya kashe waya. Kwikwiyo ya kai wata huɗu yana cin tukunyarka, masu saye kuma ƙarami suke so. Shi ya sa idan mai saye ne ya fasa, ba na mayarwa.

Amma naka daban ne. Ba kai ka fasa ba, shi ne bai samu abin da ya yi maka alkawari ba. A wajena, irin wannan sai ka zaɓa: kuɗinka ko ka zama na farko a layi na gaba. Kuma jiran ba ƙarami ba ne, domin karya kusan sau biyu a shekara take neman barbara, mai tausayin dabbarsa ma yakan bar ta ta huta. Ka kuma tambaye shi ko mai namijin da ya yi barbarar yana da kaso, don sau da yawa shi ke fara zaɓar ɗaya a madadin kuɗinsa. Idan haka ne, tun farko kai na biyar ne.

Kada ka raina macen dai. Wajen gadi ba ta da wasa.

Hajiyar Bompai:

Ƙanina, duk abin da kuka daidaita, kada ka ɗauka sai da katin rigakafi mai sa hannun likitan dabbobi. Ni na karɓi nawa yana sati biyar don ɗoki, kwana shida ya fara amai da gudawa mai jini, wai cutar karnuka ce da ake kira fabo. A hannun yarana ya mutu, har yau in na tuna sai raina ya sosu. Allurar farko daga sati shida ake yi, a maimaita bayan sati uku zuwa huɗu, ta haukan kare kuma sai ya kai wata uku.

Ɗalibi, Gwale:

Yaya, akwai ɓangaren shari'a. Riƙe kare don tsaron gona, kiwo ko farauta ya zo a hadisi. Sayar da shi kuwa, Risala ta kawo hani, sannan ta ce an yi saɓani kan wanda aka yi izinin riƙewa. Abu na biyu, ba a cinikin abin da ke cikin ciki, saboda ba a san zai fito da rai ba, balle namiji ne ko mace. Na uku, kafin alƙalamin da mai kaya zai cinye idan ciniki bai yiwu ba, Malikiyya ba su yarda da shi ba, Hambaliyya ne suka halatta, shi ma idan mai saye ne ya janye. Ka je wa malaminka da bayanin yadda kuka yi dalla-dalla.

Mai Kaji, Rijiyar Zaki:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na koma tare da wanda ya haɗa mu. Da aka zauna, mai karyar ya yarda laifinsa ne da bai faɗa min sharaɗin ba tun farko, ya ce zai mayar min idan ina so. Sai dai Baba maigadi ya ga wata mace mai baƙin baki da ta riƙe masa bakin wando ta ƙi saki, ya ce ita yake so. An rage min dubu 30. Mun rubuta a takarda, shaidu biyu sun sa hannu: zan ɗauka idan ta cika sati takwas da katinta, in wani abu ya same ta kafin nan, kuɗina su dawo cif. Yanzu mai walda nake nema ya haɗa mata keji a inuwar darbejiya.