Janareta na tashi amma da na saki makulli sai ya mutu

Mai Janareta:
Salam jama'a, don Allah a taimaka. Janaretan gas (dizal) ne, in na murza makulli yana tashi lafiya lau, da na saki sai ya mutu nan take. Na canja filta, na cire iska daga layin mai, duk a banza, kwana uku ke nan shago ba wuta.

Bakanike:
Malam ba mai ba ne matsalarka, solonoid ɗin da ke kan famfon mai ne, wato na'urar da ke buɗe wa mai hanya in ta samu wuta. In mai waya uku ne to koyil biyu ke cikinsa, ɗaya na jawo sandar da ke buɗe mai lokacin da kake buga sitata, ɗaya kuma na riƙe ta bayan inji ya tashi. Naka mai riƙewar ne ba ya samun wuta ko ya ƙone. Murza makulli zuwa ON ka sa mita a wayarsa, in batir 12 ne ya kamata ka ga wajen volt 12, in babu duba fiyus da rilei.

Ɗan Lantarki:
Gaskiyar oga ne, amma ka kankare wayar nagatib inda ta kama bodi tukuna, tsatsa kaɗai na yin haka. Kuma kar ka haɗa wayar jawowa kai tsaye da batir ka bar ta, wuta take ci sosai, nan da nan za ta ƙone.

Mai Janareta:
Fiyus ne ashe ya narke a mazauninsa. Na canja, ya tashi ya tsaya. Allah ya saka da alheri oga.